Mutumin da Ba Ya Ɗaukar Bokiti a Wajen Gobara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isar su saurari murya, da waɗanda sabis ɗin garinsu ba ya iya buɗe sauti.

Yau maganar gobara za mu yi. A farkon watan Fabrairun 2025, cikin dare, wuta ta tashi a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Tun daga ranar nake ta juya wata tambaya a raina. Ba tambayar me ke ta da wuta ba, wannan kowa ya sani: kara, soso, fetur a ɗaki, wayar lantarki da aka haɗa da hannu. Tambayata ita ce, idan wutar ta riga ta tashi, mutane sun taru, wa ke ba da umarni? Kuma wa ke da ikon ya ce a tsaya?

Bari in fara da abin da na gani da idona, kafin in kai ku Amurka.

Ina ɗan shekara 13 gobara ta tashi a wani gida a unguwarmu, nan Sakajiki. Lokacin hunturu ne, an gama kaka, ko'ina kara ne a jibge, harawa a kan rumfa, iska kuwa tana kaɗawa kamar an aiko ta. Kafin ka ce kwabo gari ya fito. Wani da bokiti, wani da jarka, wani da ɗanyen ganye, mata na salati, yara muna ta gudu tsakanin rijiya da gidan. Kowa na ihu, kowa na ba da umarni. Wannan ya ce a zuba ruwa nan, wancan ya ce a'a, a fara ture darni. Mutum biyu suka yi karo a bakin zaure, ruwan duka ya zube a ƙasa.

To akwai wani dattijo, magini ne, shi bai ɗauki komai ba. Ya koma gefe ya harɗe hannu a baya, yana kallon sama. Har na ji wani saurayi ya ce masa, "Haba Baba, kowa na aiki kai kana kallo?" Bai tanka ba. Can sai ga wani daga cikin samarin gidan ya jiƙa bargo ya lulluɓa, zai faɗa wani ɗakin soro ya ɗauko keken ɗinkinsa. Dattijon nan ya yi wuf ya cafke masa riga ta baya, ya ce, "Kak ka shiga! Azarar ga ta ci, ruhin za ya hwaɗi." Saurayin yana fizga, yana zagi, shi kuwa ya ƙi saki. Ba a jima ba rufin ya rufto, ƙura da hayaƙi suka turnuƙe wurin.

Shi magini ya san abin da mu ba mu sani ba. Rufin soro ƙasa ce mai nauyi a kan azara. Wuta tana cin azarar daga ƙasa, mu kuma muna ƙara wa ƙasar nauyi da ruwan da muke watsawa daga sama. Duk wanda hannunsa ke riƙe da bokiti idonsa na kan harshen wuta. Shi kaɗai ne idonsa ke kan rufi.

Sai da na girma na fara karance-karance na gano cewa abin da dattijon nan ya yi a ranar, a wasu ƙasashen muƙami ne sukutum, da horo, da jarrabawa, da takardar shaida. Kuma yana cikin wani babban tsari da aka ƙirƙiro bayan wata masifa.

A shekarar 1970, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, wutar daji ta tashi a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suna da wata busasshiyar iska a can da suke kira Santa Ana, tana tasowa daga wajen hamada ta gangaro bakin teku, kusan 'yar'uwar iskar hunturunmu ce, sai dai ita da zafi take zuwa. Cikin kwana 13 wuta ta cinye fili sama da eka rabin miliyan, gidaje sama da 700 suka ƙone, mutum 16 suka mutu.

Ku lura fa, waɗannan mutane ba su rasa kayan aiki ba. Suna da motoci, suna da jiragen sama masu zubo ruwa, suna da ma'aikata dubbai. Da aka zauna bincike bayan wutar ta mutu, sai aka ga babbar matsalar ba ƙarancin ruwa ba ce, ba kuma rashin jarumta ba. Rashin tsari ne. Hukumar gandun daji ta tarayya na da nata shugaban, ta jiha na da nata, birnin Los Angeles na da nasa, kowace gunduma na da nata. Rediyon oba-obar wannan ba ya kama na wancan. Shugaba ɗaya mutum barkatai na kawo masa rahoto a lokaci guda har kansa ya ɗaure. Kai, har kalmomi ma ba su zo ɗaya ba. Wata hukuma idan ta ce a turo tanka, motar ruwa take nufi, wata kuma jirgin sama take nufi. Ka yi tunanin kana cikin wuta kana jiran jirgi, a turo maka mota.

Majalisar dokokin Amurka ta ware kuɗi, aka haɗa hukumomi bakwai na kudancin Kalifoniya a wani shiri da aka raɗa wa suna FIRESCOPE. Shekaru suka yi suna aiki a cikin shekarun 1970, suka fito da abin da ni zan kira tsarin jagorancin wajen haɗari. A daidai wannan zamani, a birnin Phoenix na jihar Arizona, wani shugaban 'yan kwana-kwana mai suna Alan Brunacini yana gina irin wannan tsari, amma na gobarar cikin gari, ta gida da shago. Littafinsa a kan haka ya fito a 1985. Daga baya hanyoyin biyu suka haɗe. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, wanda 'yan kwana-kwanan birnin New York 343 suka mutu a cikinsa, gwamnatin tarayyar Amurka ta mai da tsarin na ƙasa baki ɗaya a 2004.

To mene ne a cikin tsarin? Gaskiya idan ka ji shi sai ka ce ai wannan kowa ya sani. Wahalar tana wajen aikatawa.

Kwamanda ɗaya ne. Jami'in da ya fara isowa wurin, ko da ƙarami ne, shi ke karɓar jagoranci, ya faɗa a rediyo kowa ya ji: na iso, ga abin da na tarar, ni ke riƙe da wurin. Idan na sama da shi ya iso, ba ya fara ba da umarni daga bakin mota. Sai ya je ya sami na farkon, a yi masa bayanin wa ke ina, me aka yi, me ya rage, sannan a sanar cewa jagoranci ya koma hannun wane. Kowane ma'aikaci kuma shugaba ɗaya yake da shi. Ba mai karɓar umarni daga baki biyu. Sannan an ƙayyade yawan mutanen da shugaba ɗaya zai riƙe, daga 3 zuwa 7, an fi son 5. Da sun haura haka sai a raba su, a naɗa wani. Ana magana da kalmomin da kowa ya gane, ba lambobin sirri na wata hukuma ba. Idan abin ya girma, sai kwamanda ya rarraba nauyi: mai kula da aikin kashewa, mai tsara abin da za a yi nan gaba, mai samo ruwa da mai da abinci, mai riƙe lissafin kuɗi.

Brunacini ya nace a kan wani abu da ya ba mutane haushi da farko. Ya ce kwamanda ya zauna wuri ɗaya, a cikin mota ma in da hali, da rediyonsa da takardarsa. Kada ya ja mesa, kada ya hau tsani. Ga mutumin da ya yi shekara 20 yana shiga wuta, ka ce masa ya zauna a mota yana kallo, ai kamar ka zage shi ne. Amma da zarar kwamanda ya kama mesa, to an sami ƙarin hannu biyu an rasa kai.

Wani zai ce wannan ai na Turawa ne. Ni ban yarda ba. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro, ayari na ɗaruruwan mutane da jakuna, wata da watanni a hanya, madugu ɗaya gare su. Akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki da nasa aikin, akwai malami mai rubutu. Ba wanda zai sauke kaya don ya gaji sai madugu ya ce a yi zango. Ko a gayya ma, ba kowa ke cewa a juya kunya ba. Mun san tsari a noma, mun san shi a fatauci, mun san shi a farauta. A wajen gobara ne kawai muke komawa kowa sarkin kansa.

Yanzu mu zo kan mutumin da ya sa na yi wannan shiri. A gefen kwamanda, tsarin ya ajiye mutum uku. Ɗaya mai magana da jama'a da 'yan jarida, ɗaya mai hulɗa da sauran hukumomi, na ukun shi ne wanda zan kira jami'in tsaron rai. Na san a Zamfara da an ce tsaro sai hankali ya tafi ga bindiga, to ba wannan ba. Shi aikinsa ɗaya ne: duk ma'aikacin da ya zo wurin nan ya koma gida da ƙafarsa.

Ba ya ƙarƙashin mai kula da aikin kashewa. Kai tsaye yake magana da kwamanda. Kuma an ba shi wani iko da ba a ba kowa ba. Idan ya ga abin da zai kashe mutum yanzu-yanzu, yana iya tsayar da aikin nan take, ko ya sauya shi, ba tare da ya nemi izini ba, sai daga baya ya sanar da kwamanda. Ƙaramin jami'i ne ko babba, idan ya ce a fito, fita ake yi. Idan kuma ba a naɗa kowa a wannan matsayi ba, nauyin na nan a wuyan kwamanda, ba ya faɗuwa ƙasa. Ƙungiyar NFPA, mai tsara ƙa'idojin kashe gobara a Amurka, ta fitar da ƙa'idar kare lafiyar ma'aikata mai lamba 1500 a shekarar 1987, daga baya kuma ta fitar da mai lamba 1521 da aka keɓe wa shi wannan jami'i, abin da ya kamata ya sani da abin da ya kamata ya iya.

Me ake koya masa? Da farko dai ba a ɗauko sabon shiga. Sai wanda ya sha hayaƙi, ya riƙe mutane, ya san yadda zuciya ke bugawa a cikin ɗaki mai duhu. Sannan a mai da shi ɗalibin gini. Ya san yadda kowane irin rufi ke faɗuwa. Ƙarfe, da muke ganin ba ya ci, idan zafi ya kai wajen digiri 600 yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe, ya ture bangon da yake kai. A 1988, a garin Hackensack na jihar New Jersey, 'yan kwana-kwana biyar suka mutu a wani shagon sayar da motoci, saboda wuta na cin katakon da ke riƙe da rufi a saman silin, su kuma suna ƙasa, har rufin ya rufto. Ana koya masa cewa bango idan zai faɗi yana iya kaiwa nisan tsawonsa har da rabi, don haka sai ya ja layi a ƙasa, ya hana kowa tsayawa ciki, har mota.

Darasin da ya fi burge ni shi ne karatun hayaƙi. Wallahi karatu ne kamar na allo. Abu huɗu ake dubawa: yawansa, saurinsa, kaurinsa, da launinsa. Mu a wurinmu hayaƙi alama ce kawai ta wuta. Su kuwa suna koyar da cewa hayaƙi shi kansa makamashi ne, man da bai gama ƙonewa ba ne yake yawo a iska. Hayaƙin da ke fita a hankali, fari-fari, yana tashi kamar na murhu, da sauran lokaci. Amma baƙi ƙirin, mai kauri, yana tunkuɗo kansa ta taga yana murɗawa kamar ana hura shi da zugazugi, wannan yana gaya maka ɗakin ya kusa kamawa gaba ɗaya. Akwai matakin da zafin da ya taru a saman ɗaki ke kaiwa, sai komai na ciki ya kama a lokaci guda, katifa, labule, kujera, har abin da wuta ba ta taɓa ba. Wanda ke ciki a wannan lokaci, ko da kayan kariya, da ƙyar ya fita.

Kuma wannan lokaci ya matso kusa fiye da zamanin iyayenmu. An yi gwaji a Amurka, aka ƙona ɗaki biyu. Mai tsofaffin kaya na katako da auduga ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya kama gaba ɗaya. Mai kayan zamani na soso da roba bai kai minti 5 ba. Yanzu ku tuna ɗakin amarya a garuruwanmu: katifar soso, kujerun soso, labulen roba, silin na roba, leda a ƙasa. Ɗakin kakarmu mai gadon kara da tabarma ya fi shi ba da lokacin gudu.

Akwai kuma ɗakin da ke rufe, wuta ta cinye iskar ciki ta lafa, hayaƙi na fita ta ƙasan ƙofa yana komawa kamar numfashi. Mai gaggawa zai zo ya bangaje ƙofa. Iska na shiga, sai wutar ta tashi da ƙarfi kamar fashewa, ta yi waje da shi. Mu kuwa abu na farko da muke yi a gobara shi ne fasa ƙofa da taga, wai a sami hanyar zuba ruwa.

Bayan gini da hayaƙi, sai lissafin mutane. Kowane ma'aikaci na da ɗan alama mai sunansa, yana miƙawa kafin ya shiga, ya karɓa idan ya fito. Lokaci-lokaci ana kiran suna a rediyo, kowane rukuni ya amsa cewa mutanensa sun cika. Ba a shiga ɗai-ɗai, sai bibbiyu, kuma wasu biyu na waje a shirye don ceto su. Tukunyar iskar da suke goyawa, wadda aka rubuta minti 30 a jikinta, mai aiki tuƙuru yana iya shanye ta cikin minti 15 zuwa 20, don haka akwai mai duba agogo. Ana kuma tilasta hutu da shan ruwa, don shekara da shekaru a Amurka abin da ya fi kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki ba ƙuna ba ne, bugun zuciya ne. Idan za a janye kowa, akwai alamar da aka sani tun kafin ranar, yawanci a danna ham ɗin motoci da ƙarfi, duk wanda ya ji ya ajiye abin da ke hannunsa ya fito.

Duk wannan ana iya koyar da shi a aji. Abin da ke da wuyar koyarwa shi ne awo. A Phoenix sun tsara shi a matakai uku, ma'anarsa dai ita ce: ana iya sa rai cikin babban haɗari, cikin tsari, idan akwai ran da za a iya cetowa. Ana ɗaukar ɗan haɗari kaɗan saboda dukiyar da za a iya cetowa. Ba a ɗaukar haɗari ko kaɗan saboda abin da ya riga ya tafi, rai ne ko dukiya. Faɗinsa da sauƙi. Amma ka tsaya gaban uwa tana kuka, ko gaban ma'aikacin da abokinsa ke ciki, ka ce ba mai shiga.

An taɓa yi. Ranar 3 ga Disambar 1999, a garin Worcester na jihar Massachusetts, wuta ta kama wani tsohon gidan sanyi da aka daina amfani da shi, dogon bene, kusan babu taga, cikinsa ɗakuna kamar gidan tururuwa. Aka ce akwai wasu marasa gida biyu da ke kwana ciki. 'Yan kwana-kwana suka shiga nema, ba su san mutanen sun riga sun fita ba. Biyu suka ɓace a cikin hayaƙi, iskarsu na ƙarewa. Aka tura masu nemansu, huɗu daga ciki su ma suka ɓace. Shida ke nan. Sauran ma'aikata suka yi layi za su shiga. Shugaban da ke kula da cikin ginin, Mike McNamee, ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta da jikinsa, ya ce an gama, ba wanda zai ƙara shiga. Mutanensa ne a ciki, ya san su, ya san iyalansu. Waɗanda ya hana sun yi fushi da shi a daren. Har yau ana ba da labarinsa a azuzuwan horar da jami'ai, don ba don shi ba da adadin bai tsaya a shida ba.

To mu dawo gida. Kada wani ya ɗauka tsarin nan bai taɓa shigowa Najeriya ba. Ya shigo, sai dai ta ƙofar asibiti ya fi shigowa. A 2012 aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa ta yaƙi da shan inna a Abuja, aka yi irinta a Kano da wasu jihohin Arewa: gwamnati da ƙungiyoyin waje a ɗaki ɗaya, shugaba ɗaya, tsari ɗaya. Da cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, wannan tsari aka ɗauko, aka naɗa Dakta Faisal Shuaib ya jagoranci cibiyar. Birni mai mutane miliyoyi, amma mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama. Tsarin da aka ƙirƙiro saboda wutar daji a Kalifoniya, ga shi ya tare annoba a Legas.

A ɓangaren gobara muna da hukumar kashe gobara ta tarayya, wadda dokarta ta samo asali tun 1963, da makarantar horarwarta a Sheda kusa da Abuja, kowace jiha kuma na da tata hukumar, ga NEMA da aka kafa a 1999, ga 'yan sanda, ga sibil difens. Duk waɗannan suna iya haɗuwa a gobara ɗaya, kamar ta kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, ko ta babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021. Ƙara da 'yan kasuwa kowa na son a fara da layinsa, ƙara da 'yan kallo da suka toshe hanyar mota, ƙara da masu jifan 'yan kwana-kwana wai sun makara. A ra'ayina, duk gwamnan da zai sayo sabuwar motar kashe gobara a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ya ware wani abu daga kuɗin ya horar da kwamandoji da jami'an tsaron rai. Horo ba ya fitowa a hoto, shi ya sa ba a son kashe masa kuɗi.

Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, shi ne ya fi nuna mini girman giɓin. Tankar mai ta faɗi da dare, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Ba zan zauna nan in zagi talakan da ya ga fetur na malala a lokacin da lita ta gagare shi ba. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya gangara kwata, ya yi nisa inda ido ba ya gani, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tsakanin faɗuwar mota da tashin wuta akwai lokaci. A wannan lokaci ba ruwa ake buƙata ba, ba mota ba. Mutum ake buƙata wanda jama'a ke jin maganarsa, ya ja layi ya ce ba mai wucewa.

Mu a nan, daga Sakajiki zuwa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, gaskiyar magana ita ce minti 20 na farko namu ne. Kafin mota ta taso daga inda take, ta biyo hanyar da kowa ya san halinta da dare, abin da zai ƙone ya ƙone. Waya ma ba abin dogaro ba ce, mun ga yadda aka rufe layuka a jihar nan a watan Satumban 2021. Don haka abin da za mu iya ɗauka daga wancan tsari shi ne wanda ba ya cin kuɗi.

A zauna tun ba a yi gobara ba, gaban mai unguwa ko hakimi, a ce idan ta tashi wane ne mai magana, idan ba ya nan sai wane. A sa mutum ɗaya kan ruwa, shi zai tsara 'yan ga-ruwa da layin bokiti, hanyar zuwa daban ta dawowa daban. A sa wani ya kashe wutar lantarki ko janareto kafin a watsa ɗigo ɗaya. A sa wasu su janye kara da harawa da darnin da ke gefen da iska ta nufa, don sau da yawa gidan da ya kama ya riga ya tafi, na maƙwabci ne ake iya cetowa. A tambayi masu gida tun da wuri: akwai fetur a ciki? Akwai tukunyar gas? Gidajen 'yan bumburutu kowa ya san su a unguwa, ruwa kuwa ba ya kashe fetur, ɗaukarsa yake ya yaɗa, sai dai yashi. Sannan a zaɓi mutum ɗaya, magini ko kafinta ko mai gyaran wuta, a ba shi usur, a gaya wa kowa a masallaci cewa wannan ba zai ɗauki bokiti ba, kuma idan ya busa kowa ya ja baya, ko ɗan sarki ne.

Makarantun allo kuma, malamai ku yi haƙuri da ni. A san adadin yaran da ke kwana a kowane ɗaki, a rubuce. A sa babban almajiri ɗaya kan kowane yara biyar zuwa bakwai, ya san sunayensu. A nuna musu bishiya ko fili ɗaya da za su taru idan wani abu ya faru, a gwada da rana sau ɗaya ko biyu har su saba. Ƙofa ta riƙa buɗewa waje, kada a sa mata kwaɗo ta baya, karan da ake tarawa na wutar karatun dare kuma a nisanta shi da inda ake kwana. Idan an taru a fili aka ƙirga, nan take za a san ko da saura a ciki, kuma a wane ɗaki. In ba a ƙirga ba, sai a tura mutum cikin wuta neman yaron da ke tsaye a bayan taro, ko a tsaya ana murna alhali akwai wanda bai fito ba.

Shi kuwa saurayin nan mai keken ɗinki, ya fi sati bai gai da dattijon ba. Yana ta faɗa a majalisa cewa da an bar shi da ya fito da kekensa. Daga baya aka yi masa karo-karo ya sayi wani, na hannu, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.